Man hana tsufa mai "ƙwayoyin tushe": mene ne ainihin abin da ke cikin kwalbar?

A wani biki da muka je Maraɗi kwanan baya, ƙanwata ta jawo ni gefe ta ciro wata ƴar kwalba daga jaka, tsawonta bai wuce yatsa ba, murfinta ruwan zinariya. Ta ce: "Yaya, ke da kike jin Faransanci, karanta mini wannan. Mai sayarwar ta ce ƙwayoyi ne masu rai a ciki, suna mayar da fuska kamar ta ƴar shekara ashirin." Jika 25 ta biya, ta WhatsApp aka yi cinikin, kuma an gaya mata sai ta shafa kwalba uku kafin aiki ya fito sosai.

Ban yi mata dariya ba. Ni ma na haura arba'in, kuma na san abin da madubi yake gaya wa mace da safe. A jikin kwalbar an rubuta "cellules souches" da Faransanci, a ƙasa kuma "stem cells" da Ingilishi, sai wasu haruffa uku manya: EGF. Irin wannan mai ruwa-ruwa da ake ɗigawa a fuska shi ake kira serom, amma ba shi da alaƙa da serom ɗin da ake ƙara wa majinyaci a gidan likita, suna ne kawai ya zo ɗaya. Babu ƙwaya ko ɗaya mai rai a cikin kwalbar, kuma ba za a taɓa samu ba. Abin da ke ciki wani abu ne daban. Yana da tarihi na gaske a kimiyya, sai dai tazarar da ke tsakanin wannan tarihi da alkawarin ƴan talla tana da faɗi.

Ƙwayoyin tushe na gaskiya

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Mafi yawansu kowace da sana'arta: ta jini, ta tsoka, ta fata. Akwai kuma wasu da ba su riƙe sana'a ba tukuna. Aikinsu su rabu biyu, ɗaya ta zauna yadda take, ɗayar ta je ta zama ma'aikaciya a inda aka yi rashi. Su ne ƙwayoyin tushe, kamar irin da manomi yake ajiyewa a rumbu don shukar baɗi. Fatarmu tana da nata a can ƙasan shimfiɗarta ta sama da kuma gindin gashi, kuma da su ne saman fata yake sabunta kansa kusan duk wata guda.

Magani da waɗannan ƙwayoyi gaskiya ne, kuma ya daɗe. A 1958, a birnin Paris, likita Georges Mathé ya dasa ɓargo ga wasu ma'aikatan cibiyar nukiliya ta Yugoslabiya da tururin nukiliya ya kama. Dashen ɓargo dashen ƙwayoyin tushen jini ne, kuma a yau da shi ake warkar da wasu masu kansar jini, har da wasu yara masu sikila, cutar da gidaje da dama a ƙasar nan suka san zafinta. A Amurka kuma, ayarin Howard Green ya gano yadda ake renon ƙwayoyin fatar mutum a ɗakin gwaje-gwaje har su zama shimfiɗa, kuma a 1983 aka ceci wasu yara biyu ƴan gida ɗaya da wuta ta cinye kusan dukkan fatarsu da wannan dabara.

Dubi yadda ake wannan aiki. Ƙwaya mai rai tana son abinci, da iska daidai gwargwado, da zafi irin na jiki. In za a adana ta, sai a daskarar da ita cikin ruwan nitrojen mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Man shafawa kuwa dole a sa masa sinadarin hana ruɓewa, wanda aikinsa ke nan ya kashe duk abin da ke da rai a ciki. Sannan kwalbar ta yi makonni cikin kwantena, ta sauka tashar jirgin ruwa, ta hau babbar mota, ta zauna a kanta ko a ɗakin mai sayarwa cikin zafin watan Afrilu. Ko da an zuba ƙwaya mai rai ranar farko, ba ta kai ko bakin ƙofar masana'anta.

To me ake zubawa?

Mafi yawan mayukan da ke ɗauke da wannan suna na tsirrai ne. Labarin ya samo asali daga ƙasar Suwis, inda ake da wata tsohuwar tuffa mai suna Uttwiler Spätlauber, wadda aka sani tun ƙarni na 18 da daɗewa a ajiye ba ta yamutse ba. A 2008 kamfanin Mibelle Biochemistry ya fito da wani sinadari daga gare ta. Ana yanka naman tuffar, inda aka yanka sai ya fitar da wani ƙullutu na warkewa, a ɗebi ƙullutun a rena shi cikin manyan tankuna, daga baya a farfasa ƙwayoyin da matsi mai ƙarfi a tace ruwan. Wannan ruwan ne ake sayar wa masu haɗa mai. Daga baya aka yi irin haka da inabi, da itacen argan na Maroko, da wasu furanni.

A matsayin talla, dabarar ta yi kyau ƙwarai: tuffar da ba ta yamutsewa, fuskar da ba ta yamutsewa. Amma ƙwayar tuffa, ko tana da rai, ba ta zama fatar mutum, kamar yadda irin gero ba ya tsiro akuya. Ruwan yana iya ƙunsar sinadaran da ke rage lalacewar fata kaɗan, irin waɗanda ake samu a tsirrai da dama. Gwajin da aka fi ambata a kansa kamfanin da kansa ya yi shi, a kan mutum 20, cikin mako huɗu. Duk wanda ya ga an rubuta Malus Domestica Fruit Cell Culture Extract a jerin kayan haɗi, to ruwan tuffar nan ne. Kwalbar ƙanwata shi ne a ciki, kuma can wajen ƙarshen jerin, inda ake rubuta abin da ya fi ƙaranci.

Kashi na biyu shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne kimiyyar gaske take.

Ƙwayoyin jiki suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu ƙananan furotin. Idan aka ji ciwo, saƙon ya fita cewa a rabu, a yawaita, a rufe wurin. Waɗannan su ake kira sinadaran girma, kuma EGF ɗin da ke jikin kwalba ɗaya ne daga cikinsu. Wani Ba'amurke, Stanley Cohen, na jami'ar Vanderbilt, shi ya ware shi a 1962. Ya lura cewa in ya yi wa jariran ɓeraye allurar ruwan da ya tatso daga ƙullutun miyau na manyan ɓeraye, idanunsu suna buɗewa da wuri, haƙoransu su fito kafin lokaci. Ya bi sawun abin har ya gano sinadarin da ke sa ƙwayoyin fata saurin yawaita. A 1986 aka ba shi kyautar Nobel tare da Rita Levi-Montalcini ƴar Italiya, wadda ta gano irin wannan sinadari na jijiyoyi.

Tunanin masu man fata ya tafi kamar haka. A ƙarƙashin saman fata akwai wasu ƙwayoyi da za mu iya kira masaƙa, su ke saƙa zaren kolajen da ke riƙe fata ta yi tsam. Da shekaru suka ja sai masaƙan su yi sanyi. Babban mutum yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na kolajen ɗinsa a kowace shekara, mace kuma abin yana yin sauri a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada. Daga nan tamoji suke fitowa, kumatu su saki. In aka aika wa masaƙan saƙon "ku tashi ku yi aiki", ai sai su koma saƙa.

Hanya biyu ake samun sinadarin. Ta farko, a sa wa ƙwayar cuta marar lahani, ko yis, ko tsiro umarnin ƙera shi. A ƙasar Aisilan, kamfanin da ke yin Bioeffect yana noma sha'ir cikin rumfar gilashi da ake ɗumamawa da zafin ƙarƙashin ƙasa, sha'irin kuma yana ƙera EGF a cikin ƙwayarsa. A jerin kayan haɗi, sunan EGF da aka ƙera yakan zo da sh-Oligopeptide-1. Hanya ta biyu, a rena ƙwayoyin mutum cikin ruwan abinci, su yi ta zubar da saƙonninsu a ciki, sai a cire ƙwayoyin a ɗauki ruwan. Sanannen man nan na Amurka, TNS na SkinMedica, haka ake yinsa, kuma ƙwayoyin da ake renon asalinsu daga fatar kaciyar jariri ne. Kuɗin kwalba ɗaya ya haura dalar Amurka 200, wato sama da jika ɗari. Wasu kamfanoni, musamman a Koriya ta Kudu, suna amfani da ƙwayoyin tushe na kitse ko na cibiya. Ko a nan ɗin, ruwan da ƙwayoyin suka zauna ciki ake sayarwa, su kansu ba sa shiga kwalba.

Ga wani abu da ya kamata masu sayen "kayan Faransa" su sani. Dokar kayan kwalliya ta Tarayyar Turai, mai lamba 1223/2009, ta haramta sa ƙwayoyi ko nama ko duk wani abu da aka samo daga jikin mutum cikin kayan shafawa. Saboda haka kwalbar da ta ce a Faransa aka yi ta, kuma ta ce tana ɗauke da ƙwayoyin tushe na ɗan Adam, ɗaya daga cikin maganganun biyu ƙarya ce. A Amurka kuma, hukumar FDA ba ta tantance man kwalliya kafin ya shiga kasuwa kamar yadda take yi wa magani. Wanda ya ce muku hukumar ta amince da seromɗinsa na kwalliya, ku riƙe jakarku da kyau.

Katangar da saƙon ke cin karo da ita

Babbar matsalar sinadaran girma ita ce girman jikinsu. Shimfiɗar fata ta can sama siririya ce, ba ta kai kaurin gashi ba, amma ginin ta kamar katangar tubali ne: matattun ƙwayoyi a jere, maiƙo a tsakaninsu a madadin laka. An yi ta don ta hana ruwan jiki fita, ta hana baƙo shiga. A shekarar 2000 wasu likitocin fata biyu a Amsterdam, Bos da Meinardi, suka tattara abin da aka sani suka fitar da ƙa'ida: abin da nauyinsa ya wuce dalton 500, wato ma'aunin da ake auna ƙwayar sinadari da shi, da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. Bitamin C nauyinsa 176 ne. Retinol 286. EGF kuwa ya kai kusan 6,000, kuma yana cikin ƙananan sinadaran girma, wasu sun ninka shi sau da dama. Masaƙan da ake son a tasa suna can ƙasa, ɗan aike kuma yana tsaye a waje, ƙofa ta yi masa kaɗan.

Shi ya sa inda waɗannan sinadarai suka nuna aiki a fili shi ne inda katangar ta riga ta rushe, wato a gyambo. A 1997 Amurka ta amince da Regranex, man da ke ɗauke da wani sinadarin girma, don gyambon ƙafar masu ciwon suga. Kiyuba tana da Heberprot-P, wanda EGF ne da ake yi wa allura cikin gyambon kansa. Waɗannan magunguna ne, likita ke rubuta su, kuma cikin firigo ake ajiye su, domin furotin ba ya jure zafi. Wannan ma abin tunani ne ga kwalbar da ta yi bazara a kan tebur a Tawa ko Damagaram.

Masu kare mayukan suna cewa kaɗan yana bi ta ramin gashi, ko kuma saƙon yana taɓa ƙwayoyin sama su kuma su miƙa shi ƙasa. Mai yiwuwa ne. Akwai gwaje-gwajen da suka nuna ƙananan tamoji sun ɗan ragu, fata ta ɗan yi laushi bayan wata biyu zuwa shida. Sai dai mafi yawansu a kan mutane kaɗan aka yi su, da kuɗin kamfanonin da ke sayarwa, kuma sau da yawa ba a gwada su da man shafawa na yau da kullum ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin duk fatar da ta sha hunturu ta bushe, ko man kaɗe aka shafa mata mako biyu, ƙananan layukan za su ɓoye. A ganina, mafi kyawun waɗannan mayuka yana iya ƙara ɗan abu kaɗan, a kan kuɗi mai yawa. Na arha da ke yawo a waya kuwa, babu mai iya tabbatar muku cewa akwai ko ɗigon EGF a ciki.

Akwai masu tambaya ko abin da ke sa ƙwayoyi yawaita ba zai tayar da kansa ba. Tambayar tana da tushe, domin wasu magungunan kansa aikinsu shi ne toshe ƙofar da EGF ke shiga. A 2008 an sa wa Regranex gargaɗi mai tsanani a kan haka, aka cire shi a 2018 bayan ƙarin bincike bai tabbatar da haɗarin ba. Ba a nuna cewa man kwalliya yana jawo kansa ba, amma wanda ya taɓa yin kansar fata, ko zabiya da rana ta riga ta yi wa tabo, ya ga likitan fata kafin ya shafa irin wannan.

Inda haɗarin yake

Tunda katanga ce ta hana, sai wasu suka ce a huda ta. Daga nan aka samu na'urar nan mai ƙananan allurai da ake gungurawa a fuska sannan a zuba serom, da allurar ruwan jinin mutum da aka tace, da sabon yayin da ake kira exosome, wasu ƴan ƙunshin saƙo da ƙwayoyi ke fitarwa. A nan magana ta tashi daga asarar kuɗi ta koma ta lafiya, saboda abin da aka haɗa don a shafa a sama ba a tsarkake shi don ya shiga jini ba.

A watan Disamban 2019 FDA ta fitar da gargaɗi bayan wasu mutane a jihar Nebraska sun kwanta rashin lafiya mai tsanani sakamakon allurar exosome da ba a amince da ita ba. A Florida, mata uku sun rasa ganinsu, wata gaba ɗaya wasu mafi yawansa, bayan wani asibitin kuɗi ya yi musu allurar "ƙwayoyin tushe" na kitsensu cikin ido, kuma mujallar likitoci ta New England ta buga labarin a 2017. A Albuquerque ta jihar New Mexico an rufe wani gidan kwalliya marar lasisi a 2018, inda ake ɗibar jinin mace a tace a mayar mata a fuska da ƙananan allurai. Masu bincike sun tarar da kwalaben jini babu suna a cikin firigon abinci. A Afrilun 2024 hukumar CDC ta bayyana cewa mata uku sun kamu da ƙwayar cutar sida a wurin. Wannan a ƙasar da ke da masu sa ido ke nan.

Ga baƙar fata akwai ƙarin matsala. Duk inda aka ji mata ciwo tana iya barin baƙin tabo da ke ɗaukar watanni, wasu kuma jikinsu yana yin tabo mai tudu wanda ba ya komawa. Matar da kunnenta ya yi ƙullutu bayan huji ta riga ta san irin jikinta, kada ta bari a gungura mata allurai a fuska a ɗakin gyaran gashi.

Abin da aka tabbatar yana aiki

Babban mai tsofar da fatar fuska rana ce. A 2012 mujallar New England ta buga hoton wani direban babbar mota ɗan shekara 69 da ya yi shekara 28 yana tuƙi. Gefen fuskarsa na hagu, mai kallon taga, ya yamutse ya zube, na dama kuma kamar na ƙaninsa. A garin Nambour na Ostireliya an bi mutum 903 tsawon shekara huɗu da rabi, aka ga waɗanda ke shafa man kariya daga rana kullum tsufan fatarsu ya yi ƙasa da na sauran da kashi 24 cikin ɗari. Turawa ne akasarinsu, gaskiya. Baƙar fata tana da garkuwarta, shi ya sa tamoji suke jinkirin zuwa mana. Namu tsufan ya fi fitowa ta dabbare-dabbare da duhun kumatu da goshi, kuma su ma rana ce ke ƙara su. Man kariya mai lamba 30 ko sama, malfa, mayafi, laima, neman inuwa da tsakar rana, duk sun fi kwalbar jika 25 hujja.

Sai dangin bitamin A, wato retinol da tretinoin. Su ƙanana ne, suna ratsa katangar, kuma tun 1988 gwaji a jami'ar Michigan ya nuna tretinoin yana rage tamoji, har Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 1995. Da dare ake shafawa, kaɗan, ba kullum ba da farko, domin yana sa fata ɓarewa da zafi. Mai ciki da mai neman ciki ba sa amfani da shi. A farmasi ake nemansa, da shawarar likita.

Akwai abin da na ga ya fi kowane tsufa ɓata fuskar mata a garuruwanmu, kuma ƙanwata ba ta so na ambata shi ba: man bilicin. Da yawansu suna ɗauke da kortizon mai ƙarfi irin clobetasol, wanda aikinsa a fata shi ne ya kwantar da masaƙan nan da muka yi magana, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito. Wasu suna da hydroquinone, wanda in an daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo mai wuyar magani, wasu kuma har da sinadarin merkur mai lalata ƙoda. Kot Dibuwar ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015. Mace ta shafa abin da ke cinye kolajen ɗinta da safe, da dare ta ɗiga serom mai tsada don ya dawo da shi, ai guga ne ake zuba wa ruwa alhali gindinsa a huje.

Ƙanwata ta tambaye ni ko ta zubar da kwalbar. Na sake duba jerin: ruwa, gliserin, wani sinadari mai riƙe danshi, turare, ruwan tuffa. Na ce ta shafa kayanta tunda ta riga ta biya, in dai bai sa mata ƙaiƙayi ba, zai yi mata maganin bushewa. Kwalba ta biyu da ta uku ne na ce ta gaya wa mai sayarwar ta fasa.